Gada cikin ƙwayar Linux: yadda take isar da saƙo da yadda take kauce ma zobe

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani ne bisa aikin gada cikin ƙwayar tsarin gudanar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma Linux muka ɗauka a matsayin misali. Za mu nuna cewa gada ba ta sanin komi sai abin da ya shigo ta ƙofofinta, saboda haka ba ta iya gane zobe ita kaɗai. Abin da ke kare rezo shi ne yarjejeniya tsakanin gadoji, wadda ke tsaye bisa wani ɗan saƙo da ake aikawa kowane sakan 2. In saƙon ya daina isowa, ƙofar da aka toshe buɗewa take yi.

1. Shimfiɗa

Na'urori masu ƙwaƙwalwa da ke cikin ma'aikata guda, galibi da tsarin Ethernet ake haɗa su. Idan suka yi yawa, ko nisa ya shiga tsakaninsu, sai a raba su kashi-kashi, a sa wani abu tsakani da zai riƙa ƙetarar da saƙo daga wannan kashi zuwa wancan. Wannan abu shi ake kira gada. Akwatin nan mai ƙofofi 8 ko 24 ko 48 da wayoyi ke taruwa gare shi a ɗakin na'urori, shi ma gada ce mai ƙofofi da yawa.

Amma ba dole ne gada ta zamo akwati ba. Ƙwayar tsarin gudanarwa tana iya yin aikin da kanta, ta haɗa katunan rezo biyu ko fiye na na'ura guda su zamo ƙofofin gada. A Linux an daɗe da fara wannan, sannan Lennert Buytenhek ya sake rubuta shirin don zubi na 2.4 wanda ya fito a shekarar 2001. A yau irin wannan gada ta yi yawa ƙwarai: Docker yana kafa wadda ake kira docker0 don haɗa kwantenoninsa, libvirt yana kafa virbr0 don na'urorin kwaikwayo, ƙananan akwatunan intanet masu aiki da OpenWrt kuma suna haɗa wifi da ƙofofin waya ta hanyar br-lan. Mai kula da na'urori yana iya samun gadoji da dama a hannunsa ba tare da ya taɓa sayen akwati ko guda ba.

Ga kalmomin da muka zaɓa. Ƙwaya ita ce « noyau » da Faransanci, wato sashen tsarin da ke hulɗa kai tsaye da kayan na'ura. Rezo shi ne « réseau », gada « pont », ƙofa « port », ƙunshi « trame », zobe kuwa « boucle ». Okte jerin bit 8 ne.

2. Ƙunshi da adireshi

Bisa Ethernet, saƙo yana tafiya ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ita muke kira ƙunshi. Kan ƙunshi yana da okte 14: 6 na adireshin wanda za a kai ma, 6 na adireshin wanda ya aiko, 2 na nau'in abin da ke ciki. Adireshin, wanda ake kira MAC, lamba ce ta bit 48 da kowane katin rezo ke ɗauke da ita. Akwai adireshi guda na musamman, FF:FF:FF:FF:FF:FF, mai nufin « kowa da kowa ». Ƙunshin da ke ɗauke da shi shela ce. Da shela ne na'ura ke tambayar wa ke da wani adireshin IP, ta tsarin ARP, da ita ne kuma sabuwar na'ura ke roƙon adireshi ta tsarin DHCP. Ke nan galibin rezon Ethernet ba ya aiki ba tare da shela ba.

Ya kamata a lura da abin da babu shi cikin waɗannan okte 14. Fakitin IP yana da wata lamba ta tsawon rai, wadda ake kira TTL. Linux tana fara ta da 64, kowace ruta da fakitin ya ratsa ta rage 1, in ta kai 0 a jefar da shi. Ƙunshin Ethernet ba shi da wannan lamba. Gada kuma an tsara ta ne ta zamo ba a ganin ta: ba ta ƙara komi bisa ƙunshi, ba ta rage komi, na'urorin da ke gefe biyu ma ba su san da ita ba. Wannan shi ne sauƙinta, kuma daga nan ne matsalar da za mu gani a sashe na 4 ta samo asali.

3. Aikin gada cikin ƙwaya

Ana kafa gada da umurni kamar haka:

ip link add name br0 type bridge
ip link set eth0 master br0
ip link set eth1 master br0

Daga lokacin da kati ya zamo ƙofar gada, ƙwaya tana sa shi ya karɓi duk ƙunshin da ya ji, ko ba nasa ba ne. Sannan tana rataya masa wani mataki na musamman a hanyar karɓa: kafin ƙunshi ya hau zuwa sashen IP, sai ya fara faɗawa hannun shirin gada. A can abubuwa uku ke faruwa.

Na farko, koyo. Gada ta dubi adireshin wanda ya aiko, ta rubuta cikin kundinta cewa wannan adireshi yana bayan ƙofa kaza, tare da lokacin da ta ji shi. In da ma yana cikin kundi bisa wata ƙofa dabam, sai ta gyara, ta ɗauka cewa na'urar ce ta ƙaura.

Na biyu, isarwa. Ta dubi adireshin wanda za a kai ma. In yana cikin kundi, ta fitar da ƙunshin ta wannan ƙofa kaɗai. In ƙofar ita ce wadda ƙunshin ya shigo ta cikinta, ta jefar da shi, tun da mai shi ya riga ya ji. In adireshin na ita na'urar ne, ta miƙa shi sama zuwa sashen IP ta fuskar br0.

Na uku, barbazawa. In shela ce, ko kuwa adireshin ba ya cikin kundi, gada ta kwafi ƙunshin ta fitar da shi ta dukan ƙofofi, ban da wadda ya shigo ta cikinta.

Ban da waɗannan akwai mantuwa. Adireshin da aka yi sakan 300 ba a ji shi ba, ana share shi, don kada kundi ya cika da labarin da ya tsufa. Umurnin bridge fdb show yana nuna abin da ke cikin kundin.

A duk cikin wannan aiki gada ba ta tambayar kowa komi. Ba ta san ko bayan ƙofarta na'ura guda ce ko wata gada mai na'urori ɗari ba, ba ta kuma tuna ƙunshin da ya riga ya wuce.

4. Matsalar zobe

Zobe yana samuwa ne idan aka sami hanya fiye da guda tsakanin gadoji biyu. Wani lokaci kuskure ne, mutum ya cusa kan waya biyu cikin akwati guda. Wani lokaci kuma da gangan ake yi, don in waya guda ta yanke ta biyu ta ɗauki aiki.

Mu ɗauki gadoji uku, A da B da C, kowace haɗe da sauran biyun. Wata na'ura da ke bayan A ta yi shela. A ta barbaza zuwa B da C. B ta karɓa ta barbaza zuwa C, C ita ma ta barbaza nata zuwa B. Daga nan kowace ta mayar ma A, A kuma ta sake barbazawa, domin a wurinta wannan sabon ƙunshi ne. Kwafi biyu ke nan suna zagayawa, guda ta dama guda ta hagu, babu lambar tsawon rai da za ta kashe su. Kowace sabuwar shela tana ƙara wasu biyu.

In zoben ya wuce guda, abin ya fi muni. Gadoji biyu da ke haɗe da wayoyi uku, duk kwafin da ya iso ta waya guda zai koma ta sauran biyun, wato yawan yana ninkawa a kowane ƙetare. Bayan ƙetare 20 an ninka shi fiye da sau miliyan guda. Wayar megabit 100 kuwa ba ta ɗaukar fiye da ƙananan ƙunsai 148.809 cikin sakan guda. Cikin ƙiftawar ido layi ya cika. Wannan ita ake kira guguwar shela.

Ɓarna ta biyu tana cikin kundi. Gada A za ta ga adireshin na'urar da ta yi shelar yana shigowa ta ƙofar B, sannan ta ƙofar C, sai ta yi ta gyara kundinta tana bin labarin ƙarya. Saƙon da aka nufi wannan na'ura da shi sai ya bi hanyar da ba tata ba. Ƙwayar Linux tana rubuta gargaɗi cikin littafinta idan ta ga ƙunshi ya shigo ɗauke da adireshinta na kanta a matsayin mai aikowa. Sau da yawa wannan alamar zobe ce.

5. Itacen gadoji

Radia Perlman, tana aiki a kamfanin Digital Equipment Corporation a Amurka, ta bayyana maganin wannan matsala a 1985, hukumar IEEE kuma ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Ana kiransa STP a taƙaice. Manufarsa ita ce a bar wayoyin duka a haɗe, amma gadoji su yarda tsakaninsu su toshe wasu ƙofofi, har abin da ya rage ya zamo kamar itace: tushe guda, rassa suna kai ko'ina, babu reshen da ke komowa ya haɗu da wani.

Gadoji suna magana da juna ta wani ɗan ƙunshi da ake kira BPDU, wanda ake aikawa zuwa adireshi na musamman, 01:80:C2:00:00:00. Aikin yana da matakai uku.

a) Zaɓen tushe. Kowace gada tana da lambar shaida ta okte 8: 2 na farko lambar fifiko ce, wadda take 32768 in ba a canza ta ba, sauran 6 adireshinta ne na MAC. Da farko kowace tana da'awar ita ce tushe. Duk wadda ta ji lambar da ta fi tata ƙanƙanta sai ta janye, ta riƙa isar da waccan. A ƙarshe mai mafi ƙanƙantar lamba ita ce tushe, ita ce kuma ke fitar da BPDU kowane sakan 2, sauran suna isarwa.

b) Zaɓen ƙofar tushe. Kowace waya tana da farashi bisa ga saurinta. A ƙa'idar 1998, megabit 10 farashinsa 100 ne, megabit 100 farashinsa 19, gigabit 1 kuwa 4. Kowace gada tana tara farashin hanya har zuwa tushe, ta zaɓi ƙofar da jimlarta ta fi ƙanƙanta.

c) Zaɓen ƙofa mai wakilci. Bisa kowace waya, gadar da ta fi kusa da tushe ita ke da ikon isar da saƙo. In an yi kunnen doki, mai ƙaramar lambar shaida ta ci. Duk ƙofar da ba ta tushe ba ce, ba kuma mai wakilci ba, ana toshe ta. Ba ta isar da komi, ba ta koyon komi, sai dai tana ci gaba da sauraren BPDU.

Ƙofar da za a buɗe ba ta buɗewa nan take. Tana yin sakan 15 tana saurare, sannan sakan 15 tana koyon adireshi ba tare da isarwa ba, sannan ta fara isarwa. Dalilin jinkirin shi ne a ba labari lokaci ya game rezo, kada sabuwar ƙofa ta buɗe alhali wadda ya kamata ta toshe ba ta toshe ba tukuna. Akwai kuma wa'adi na sakan 20: labarin da ƙofa ta ji, in ya kai wannan tsufa ba a sabunta shi ba, sai a ɗauka ya mutu.

6. Misali

Mu koma ga A da B da C, dukan wayoyi na megabit 100, lambar A ta fi ƙanƙanta, ta B na biye. A ce tushe. B ta zaɓi ƙofarta mai duban A, farashi 19, hakanan C. Bisa wayar B da C kowace tana da 19, B ta ci saboda lambarta, ƙofar C mai duban B ta toshe. Zobe ya karye.

In wayar A da C ta yanke, C za ta gani nan take domin ƙofarta ce ta mutu. Ƙofar da ta toshe ta shiga saurare da koyo, bayan sakan 30 hanya ta komo. In kuwa wayar A da B ce ta yanke, C ba ta ga komi ba. B za ta fara da'awar ita ce tushe, C ba za ta kula ta ba, tun da tana riƙe da labarin da ya fi wannan kyau. Sai labarin ya cika sakan 20 ya mutu, sannan a ƙara 30, jimla 50. Bayan irin wannan canji ana sanar da tushe, tushe kuma ta umurci kowa ya rage wa'adin mantuwa daga sakan 300 zuwa 15 na ɗan lokaci, don tsofaffin hanyoyi su fita daga kundi.

7. Abin da Linux ta zaɓa

Abu na farko da ya kamata mai kula da rezo ya sani shi ne sabuwar gada a Linux tana zuwa ne STP a kashe. Sai an kunna shi:

ip link set br0 type bridge stp_state 1

Ga gadar da ke haɗa kwantenoni cikin na'ura guda, inda babu hanya biyu, barin shi a kashe yana da ma'ana, domin jiran sakan 30 kafin kowace sabuwar ƙofa ta yi aiki asara ce. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka ƙara ma gadar katin waya na biyu mai kaiwa rezo guda da na farko.

Abu na biyu: idan STP a kashe yake, ƙwaya ba ta haɗiye BPDU da ya iso mata, tana barbaza shi kamar sauran ƙunsai. An yi haka da gangan, don gadojin da ke kewaye su ji junansu ta cikinta su gane zoben, su toshe shi daga nasu gefen.

Abu na uku: abin da ke cikin ƙwaya shi ne STP na asali mai jinkiri. A 2001 IEEE ta fitar da 802.1w, wato RSTP, wanda aka shigar cikin 802.1D a 2004. A cikinsa kowace gada ke fitar da nata BPDU, rashin ji sau 3 a jere, wato sakan 6, ya isa a ce maƙwabciya ta ɓace, kuma gadoji biyu suna yin tayi da amincewa kai tsaye maimakon jiran agogo. Linux ta bar wannan ga shirin da ke wajen ƙwaya. Lokacin da aka kunna STP, ƙwaya tana kiran /sbin/bridge-stp. In ya amsa cewa ya ɗauki aikin, sai stp_state ya zamo 2, ƙwaya ta riƙa miƙa BPDU ga shiri irin su mstpd, ita kuma ta tsaya ga zartar da abin da ya yanke bisa kowace ƙofa. In bai amsa ba, ta yi nata.

Abu na huɗu: in ba a ƙayyade ma gada adireshinta ba, ƙwaya tana ɗaukar mafi ƙanƙanta daga adireshin ƙofofinta. Ke nan ƙara kati guda yana iya canza lambar shaidar gada, har ta ƙwace matsayin tushe daga babban akwatin da ke tsakiyar rezo, saƙon ma'aikata duka ya koma bin ta cikin wata ƙaramar na'ura. Maganin shi ne a zaɓi tushe da hannu, a ba shi ƙaramar lambar fifiko. Bisa ƙofa ɗaiɗai kuma akwai root_block, mai hana ta zamo ƙofar tushe, da guard, mai kashe ta da zarar BPDU ya shigo ta inda na'ura ce kaɗai ya kamata ta kasance.

8. Inda kariya ke karyewa

Ƙofar da aka toshe tana zaune a toshe ne muddin tana jin BPDU. Shiru a wurinta ma'anarsa guda ce: hanyar can ta mutu, sai in buɗe. Amma shiru yana da wasu dalilai. Wayar gilashi tana da zare biyu, na zuwa da na komowa, guda yana iya lalacewa ɗayan yana aiki. Wata na'ura a tsakani tana iya tace BPDU ta jefar. Furosesan gada yana iya shaƙewa da aiki har ya kasa fitar da saƙon cikin lokaci. A duk waɗannan, ƙofa za ta buɗe bisa hanyar da ke da rai, zobe ya rufe, guguwar da ta taso kuma ta ƙara danne BPDU ɗin da zai gyara lamarin.

Girman rezo ma yana da iyaka. Kowace gada tana ƙara ma labarin tsufa kafin ta isar da shi, kuma wa'adin sakan 20 da na 15 an lissafa su ne don rezon da faɗinsa bai wuce gadoji 7 a jere ba. A watan Nuwamba na 2002, rezon asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka ya yi kusan kwana 4 yana faɗuwa yana tashi, har likitoci da ma'aikatan jinya suka koma aiki da takarda da alƙalami. Rezon ya yi ta girma ne ta hanyar jona gada bisa gada har wasu sassa suka wuce wannan iyaka, da cunkoso ya taso STP ya kasa daidaita. Gyaran da aka yi ya haɗa da raba rezon da rutoci, inda TTL ke aiki kuma shela ba ta ƙetarewa. Tsarin TRILL na 2011, wanda Perlman na cikin waɗanda suka tsara shi, ya ƙara ma ƙunshi lambar ƙirga ƙetare saboda wannan dalili.

9. Kammalawa

Mun ga cewa gada cikin ƙwaya tana koyo, tana isarwa, tana barbazawa, bisa abin da ƙofofinta suka ji kaɗai. Mun ga kuma cewa ƙunshin Ethernet ba shi da abin da zai tsayar da shi cikin zobe, sai yarjejeniyar STP, wadda ita ma ta dogara ga isowar BPDU. Ga wanda aka danƙa ma ɗakin na'urori na sashe ko na ma'aikata, abin yi a bayyane yake. Ya ƙidaya gadojinsa, har da waɗanda ke cikin ƙwayar na'urori. Ya kunna STP bisa duk gadar da ke da ƙofar waya fiye da guda. Ya zaɓi tushe da kansa, ya sa tsaro bisa ƙofofin da ke kai ga teburan ma'aikata da ɗalibai, ya tabbata babu abin da ke tace BPDU tsakanin gadoji. In rezo ya doshi gadoji 7 a jere, lokacin raba shi da ruta ya yi.